Me ya sa ake tunawa da hare-haren ta'addanci fiye da wahalar da yaƙi ke jefa mutane a ciki?

Habibu ya rubuta:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Akwai wata tambaya da nake roƙon masu ilimin tarihi da masu bin al'amuran duniya su taimaka mini da amsarta. Duk shekara idan ranar 11 ga Satumba ta zagayo, ana taruwa a birnin New York a karanta sunayen waɗanda suka mutu a harin shekarar 2001 ɗaya bayan ɗaya, a yi shiru a daidai lokutan da jiragen suka afka wa benayen Cibiyar Kasuwanci ta Duniya, kuma gidajen talabijin na ƙasashe masu nisa su ma sukan nuna taron. Mutum 2,977 aka kashe a wannan rana, ban da maharan su 19, kuma babu mai hankalin da zai ce ba su cancanci a tuna da su ba.

To amma yaƙe-yaƙen da suka biyo bayan harin, wato na Afganistan wanda aka fara a watan Oktoban 2001, da na Iraƙi wanda aka fara a watan Maris na 2003, da sauran wuraren da aka kai abin da aka kira yaƙi da ta'addanci, masu bincike a Jami'ar Brown ta Amurka sun ƙiyasta cewa sun kashe mutum kimanin 900,000 kai tsaye, ba a maganar waɗanda yunwa da cuta suka kashe a dalilin rushewar ƙasashensu. Babu ranar da duniya ke tsayawa ta karanta sunayen waɗannan. Haka abin yake da Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango, inda ake lissafin mamatan yaƙi da miliyoyi, da kuma Yaman, inda Hukumar Raya Ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa mutum 377,000 sun mutu zuwa ƙarshen 2021. Ita kanta Majalisar, a shekarar 2017, ta ware ranar 21 ga Agusta domin tunawa da waɗanda ta'addanci ya shafa, Tarayyar Turai kuma tana da tata ranar, 11 ga Maris, saboda harin jiragen ƙasa na Madrid a 2004.

Abin da nake so in fahimta shi ne: wannan bambanci daga ina ya samo asali? Halin ɗan Adam ne, ko siyasa ce, ko kuwa akwai wani dalili na gaskiya da ya sa mutuwa a hannun ɗan ta'adda ta fi cancantar juyayi a bainar jama'a fiye da mutuwa a cikin yaƙi? Ba da nufin rage darajar ran kowa na yi tambayar ba.

Malama Zainab ta amsa:

Wa alaikumus salam, Malam Habibu. A fahimtata, yawan mutanen da suka mutu ba shi ne ke sa a tuna da wani bala'i ba, kuma duk wanda ya fara da kwatanta alƙaluma zai ƙare cikin mamaki kamar yadda ka ƙare. Taron tunawa yana buƙatar abubuwan da za a iya kama su da hannu: rana guda a kalanda, wuri guda da za a je a tsaya, da jerin sunaye da ke da farko da ƙarshe. Harin ta'addanci yana zuwa da duk waɗannan a shirye. An san cewa jirgin farko ya bugi bene da ƙarfe 8:46 na safe, an san filin da benayen suke, kuma sunaye 2,983 ne aka zana a kan tagullar da ta kewaye tafkunan biyu na wurin tunawa da aka buɗe a 2011, idan aka haɗa da mutum shida da aka kashe a harin da aka kai wa ginin a 1993. A Landan an kafa ginshiƙan ƙarfe 52 a lambun Hyde Park, ɗaya domin kowane mutum da aka kashe ranar 7 ga Yulin 2005. Mai tsara irin wannan wuri ya san adadin da zai yi aiki da shi tun kafin ya ɗauki alƙalami.

Yaƙi kuwa ba haka yake kashe mafi yawan waɗanda yake kashewa ba. A ƙiyasin nan na Yaman da ka kawo, kusan kashi 60 cikin ɗari ba harsashi ko bam ne ya kashe su ba, rashin abinci ne da rashin ruwa mai tsabta da rashin magani. A Kwango ma, ƙungiyar agajin nan ta IRC, wadda ta fitar da adadin miliyan 5.4 tsakanin 1998 da 2007, ta ce mafi yawansu zazzaɓin cizon sauro da gudawa da ciwon huhu da tamowa ne ajalinsu, kuma kusan rabinsu yara ne ƙanana. Yaron da ƙyanda ta kashe a sansanin 'yan gudun hijira domin an ƙone asibitin garinsu shekara biyu kafin nan, wace rana za a ce ita ce ranarsa, kuma a ina za a kafa masa dutse? Hatta iyayensa ba lallai ne su ce yaƙi ne ya kashe shi ba, cewa za su yi ciwo ne, kuma babu wata takarda da za ta saɓa musu. Mutuwar da ta warwatsu a cikin shekara goma da faɗin ƙasa mai girman Kwango ba ta da lokacin da za a yi mata shiru na minti ɗaya.

Akwai misalin da nake ganin ya fi kowanne fito da wannan fili, domin a ƙasa ɗaya abin ya faru kuma a shekara ɗaya. A daren 9 zuwa 10 ga Maris na 1945 jiragen Amurka sun yi wa Tokyo ruwan bama-bamai masu tayar da gobara, mutum kimanin 100,000 suka mutu kafin gari ya waye. Wata biyar bayan haka aka jefa bam ɗin nukiliya a Hiroshima, wanda ya kashe kimanin 140,000 zuwa ƙarshen shekarar. Duniya duka ta san 6 ga Agusta da ƙarfe 8:15 na safe, firaministan Japan yana halartar taron, jakadun ƙasashe suna zuwa. Daren Tokyo kuwa, cibiyar da ke adana tarihinsa mutane ne masu zaman kansu suka tara kuɗi suka buɗe ta a 2002, kuma fararen hular da suka tsira da raunuka sun kai ƙara kotu suna neman diyya an kori ƙararsu. Hiroshima bam ɗaya ce, daƙiƙa ɗaya, hoto ɗaya na hayaƙi da kowa ke ganewa, wato ta ɗauki siffar da harin ta'addanci ke da ita, shi ya sa ta zauna a zukata. Tokyo kuwa dare ɗaya ne a cikin darare masu yawa da aka ƙone biranen Japan fiye da sittin.

Sai dai abin da ya fi nauyi a wurina shi ne tambayar wa ke shirya taron. Gwamnati ce ke ware rana, ita ke ba da fili, ita ke sassauto da tuta, ita ke sa abu a littafin makaranta. A harin ta'addanci gwamnati tana tsaye ne a gefen waɗanda aka zalunta, mai laifin kuwa wani ne daga waje ko wani da kowa ya yarda a la'anta, saboda haka shugaba zai iya zuwa ya aza furanni ba tare da an nuna shi da yatsa ba. A yaƙi kuwa sau da yawa ita gwamnatin ce ta ba da umarnin harbi, ko ta toshe hanyar abinci, ko ta kasa kare mutanenta, kuma tunawa da mamatan tamkar buɗe shari'a ce a kanta. Laifi tudu ne, in ji masu iya magana, ka taka naka ka hango na wani.

Shi ya sa yaƙe-yaƙen basasa suka fi kowanne ƙarewa da shiru. Sifaniya ta yi dokar afuwa a 1977, 'yan siyasarta suka amince a bar maganar yaƙin 1936 zuwa 1939 da mulkin Franco, sai a 2007 aka yi dokar da ta ba da damar taimaka wa iyalai wajen neman kaburburan danginsu. Labanan ta yi tata afuwar a 1991 bayan yaƙin shekara goma sha biyar, shugabannin mayaƙa suka koma ministoci da 'yan majalisa, kuma har yau ana maganar mutum kimanin 17,000 da suka ɓace ba a san makomarsu ba. Aljeriya ta wuce nan, domin dokar da ta biyo bayan yarjejeniyar sulhun ƙasa ta 2005 ta tanadi hukunci ga wanda ya yi amfani da raunukan rikicin shekarun 1990 wajen ɓata sunan hukumomin ƙasa. A Nijeriya, Janar Gowon ya rufe yaƙin basasa a Janairun 1970 da cewa babu wanda ya yi nasara kuma babu wanda aka ci da yaƙi, kuma ranar 15 ga Janairu da ake taruwa kowace shekara ta sojoji ce, ba ta ɗimbin fararen hular da yunwa ta kashe ba. Ba zan ce duk waɗannan shugabanni mugunta ce ta sa su zaɓi shiru ba. Wasunsu sun ji tsoron kada tonon ya maido da yaƙin, kuma tsoron yana da tushe. Amma sakamakon ɗaya ne ga matar da mijinta bai dawo ba.

Alhaji Mamman ya amsa:

Malama ta yi bayani mai gamsarwa, Allah ya ƙara basira, amma ina da ja a kan yadda aka gina tambayar tun daga tushe. Ba gaskiya ba ne cewa ba a tunawa da yaƙi. Babu wani abu da ƙasashe suka kashe wa dukiya da duwatsu wajen tunawa kamar yaƙi, kuma kusan duk abin da ake yi yau bayan harin ta'addanci daga can aka aro shi. A Birtaniya an fara shiru na minti biyu ne ranar 11 ga Nuwamban 1919, shekara guda bayan tsagaita wutar Yaƙin Duniya na Ɗaya. Zana sunaye a jikin bango ma daga can ne: a Thiepval ta Faransa akwai sunaye fiye da 72,000 na sojojin da ba a ga gawarsu ba, a Ƙofar Menin da ke Beljiyam akwai fiye da 54,000, kuma tun 1928 ake busa ƙaho a wurin kowace yamma da ƙarfe takwas, in ban da shekarun da Jamus ta mamaye garin. Rasha tana tsayawa cak ranar 9 ga Mayu domin mutum kimanin miliyan 27 da Tarayyar Sobiyet ta rasa a Yaƙin Duniya na Biyu, kuma a maƙabartar Piskaryovskoye kaɗai akwai kusan rabin miliyan na waɗanda suka mutu a ƙawanyar kwana 872 da aka yi wa Leningrad, mafi yawansu fararen hula da yunwa ta kashe. To ga mutuwar yunwa wadda ta warwatsu a cikin shekaru, kuma an tuna da ita, domin ƙasar da ta yi nasara ta so a tuna.

Saboda haka ni a ganina rabon ba tsakanin ta'addanci da yaƙi yake ba, tsakanin mamatan da ke da mai tsaya musu ne da waɗanda ba su da shi. Hujjata ita ce su kansu hare-haren ta'addancin ba a yi musu adalci a tsakaninsu. Ranar 12 ga Nuwamban 2015 'yan ƙunar baƙin wake sun kashe mutum 43 a wata unguwa a kudancin Beirut. Washegari aka kashe 130 a Paris, kuma ƙungiya ɗaya ce ta ɗauki alhakin duka biyun. Facebook ya ba mutane damar rufe hotunansu da tutar Faransa, manyan gine-gine a ƙasashe da dama suka haska launukanta, Beirut kuwa ta binne mamatanta ita kaɗai. A watan Janairun 2015 ɗin, shugabannin ƙasashe fiye da arba'in sun yi jerin gwano a Paris bayan harin ofishin mujallar Charlie Hebdo, a makon da Boko Haram ta afka wa Baga, inda har yau ba a daidaita a kan adadin mamatan ba, gwamnati ta ce kimanin 150, wasu rahotanni suka ce za su kai 2,000. Bam ɗin da aka tayar a Mogadishu ranar 14 ga Oktoban 2017 ya kashe fiye da mutum 500, na unguwar Karrada a Bagadaza a Yulin 2016 fiye da 300. Dukansu suna da rana, suna da wuri, suna da mai laifi da kowa ya la'anta, wato sun cika sharuɗɗan da Malama ta lissafa, amma mutum nawa ne a wajen waɗannan ƙasashe zai iya faɗin ranakunsu?

A ɓangaren yaƙi ma haka ne. Bangon da ke Washington yana ɗauke da sunayen Amurkawa fiye da 58,000 da suka mutu a Biyetnam, alhali gwamnatin Biyetnam ta ce mutanenta kimanin miliyan uku ne suka mutu. Yunwar Bengal ta 1943, wadda ta faru ƙarƙashin mulkin Birtaniya a tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, ta ci rayuka tsakanin miliyan biyu zuwa uku, amma ba ta cikin abin da ake ambata ranar 11 ga Nuwamba. A shekarar 2021 hukumar da ke kula da kaburburan sojojin ƙasashen rainon Ingila ta amsa da bakinta cewa aƙalla mutum 116,000, galibinsu 'yan Afirka da Gabas ta Tsakiya waɗanda suka mutu suna yi wa Birtaniya aiki a Yaƙin Duniya na Ɗaya, ba a rubuta sunayensu ba ko ma ba a tuna da su sam ba, kuma adadin zai iya kaiwa 350,000. Hukumar da ta yi alfahari da cewa kowa daidai yake a kabari ke nan. Sojojin Afirka ta Yamma da Faransa ta harbe a Thiaroye ta Senegal ranar 1 ga Disamban 1944, saboda sun nemi haƙƙinsu bayan dawowa daga yaƙi, sai bayan shekara tamanin shugaban Faransa ya kira abin da sunansa na kisan kiyashi.

Sadiya ta amsa:

Ina so in taɓa sashe na uku na tambayar Malam Habibu, wanda ban ga an amsa ba, wato ko akwai dalili na gaskiya. Ina ganin akwai, ko da yake bai isa ya wanke duk bambancin ba. Ɗan ta'adda ba wanda ya kashe yake nufi ba, masu kallo yake nufi. Yana zaɓar jirgin ƙasa ko masallaci ko makaranta ne domin kowa ya ji cewa da shi ne a wurin. Tunda saƙon ga jama'a aka aika shi, ba abin mamaki ba ne jama'a su mayar da amsa a taru, kamar yadda mutanen New Zealand suka yi bayan an kashe masallata 51 a Christchurch ranar 15 ga Maris na 2019, har firaministar ƙasar ta wancan lokaci, Jacinda Ardern, ta ce ba za ta taɓa ambatar sunan maharin ba. Taron a nan wani ɓangare ne na kare kai, ba juyayi kaɗai ba. Dokokin yaƙi ma sun bambanta wanda ya nufi farar hula da gangan da wanda ya kashe shi yana nufin wani abu na soja, duk da cewa wannan ƙofa ce da aka sha shigewa da ɓarna ta cikinta.

Kuma kada mu ɗauka cewa yawan tunawa alheri ne tsantsa ga iyalan mamata. A Norway, bayan kisan mutum 77 ranar 22 ga Yulin 2011, an zaɓi wani tsari na yanka wani tsibiri-tsibirin ƙasa gida biyu a kusa da tsibirin Utoya, inda aka kashe mafi yawansu, domin tunawa, amma mazauna yankin, waɗanda wasunsu su ne suka tsamo yara daga ruwa a ranar, suka ƙi amincewa domin ba sa so su riƙa buɗe ido da raunin kullum, har gwamnati ta soke aikin a 2017. Wanda duniya ta mallake ranar mutuwar ɗansa shi ma yana ɗauke da wani nauyi.

Habibu ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na karɓi gyaran Alhaji cewa sojoji ana tunawa da su, kuma abin da ya kamata in tambaya tun farko shi ne fararen hula. Amma maganar Malama Sadiya ta tayar mini da wata. Idan taron tunawa amsa ce ga maharin, ashe ba zai iya zama share fagen ramuwa ba? Kwana uku kacal bayan 11 ga Satumba majalisar dokokin Amurka ta ba shugaban ƙasa izinin amfani da ƙarfin soja, kuma a majalisar wakilai mace ɗaya ce tak, Barbara Lee, ta ƙi amincewa. Da wannan izini aka yi ta yaƙi shekara ashirin. Ina tsoron kada ya zama cewa tunawa da rukunin farko na mamata ita ce take haifar da rukuni na biyu, waɗanda kuma ba za a tuna da su ba.

Malama Zainab ta sake amsawa:

Tsoronka yana da gurbi, Malam Habibu, kuma tarihi ya ba shi shaida. A ranar 28 ga Yunin 1989 shugaban Sabiya na lokacin, Slobodan Milosevic, ya tara ɗimbin Sabiyawa a filin Kosovo domin cika shekara 600 da wani yaƙi da aka yi a 1389, kuma bayan shekara biyu Yugoslabiya ta kama da wuta. Amma ba dole ba ne ya zama haka. Kwana uku bayan harin Madrid 'yan Sifaniya suka kaɗa ƙuri'a suka sauke jam'iyyar da ta kai su Iraƙi, sabuwar gwamnati kuma ta janye sojojin ƙasar. Juyayi ɗaya ne, abin da ya bambanta shi ne wanda ya riƙe makirifo a wurin taron da abin da ya ce a yi da hawayen.

Ga Alhaji Mamman kuwa, na yarda da shi fiye da yadda yake zato, sai dai ina ganin maganarsa da tawa suna haɗuwa a wuri ɗaya, wato rajista. Mai tsaya wa mamaci, abu na farko da yake yi shi ne ya rubuta sunansa. Ofishin binciken gawarwaki na New York har yanzu yana gwajin ƙwayoyin halitta a kan ragowar da aka tono daga ɓaraguzan benayen, domin kusan kashi 40 cikin ɗari na mutum 2,753 da suka mutu a wurin ba a gano gawarsu ba, kuma lokaci-lokaci yana sanar da cewa an gane mutum ɗaya ko biyu. Asusun diyya na farko da gwamnatin Amurka ta kafa ya biya kimanin dala biliyan bakwai, kuma kafin a biya kowa sai da aka tantance shi da takardu. A Baga kuwa tazarar da ke tsakanin 150 da 2,000 ita kanta ce amsar tambayar: inda ba a rubuta haihuwar mutum ba, kuma waɗanda suka san shi sun watse zuwa ƙasashe uku, babu jerin da za a karanta ko da an ware ranar.

Inda aka dage aka yi wannan aiki ga mamatan yaƙi, tunawar ta samu, kuma wannan ne ya sa ban yarda cewa halin ɗan Adam ne da ba ya canzuwa ba. A Srebrenica, inda aka kashe maza da yara maza Musulmin Bosniya fiye da 8,000 a Yulin 1995, makasan sun tone kaburburan bai-ɗaya da manyan motoci suka warwatsa ƙasusuwan a wasu ramuka domin ɓoye shaida. Hukumar ƙasa da ƙasa mai neman waɗanda suka ɓace ta karɓi jinin dangi ta gwada da ƙasusuwan, har aka gane kusan mutum 7,000, kuma duk ranar 11 ga Yuli ana yi wa waɗanda aka gane a shekarar jana'iza a Potocari. Matan da suka rasa mazajensu da 'ya'yansu su ne suka hana maganar mutuwa, har a 2024 babban zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya amince da ranar, duk da adawar Sabiya da Rasha. Wata cibiyar bincike a Sarayebo ta tattara sunayen mamatan yaƙin Bosniya baki ɗaya, kimanin 96,000, adadin da ya gaza 200,000 da aka daɗe ana faɗa, kuma ta sha suka daga mutanenta saboda haka. A Dresden ta Jamus ma kwamitin masana tarihi da birnin ya kafa ya kammala a 2010 cewa waɗanda luguden wutar Fabrairun 1945 ya kashe ba su wuce 25,000 ba, abin da ya karɓe makami daga hannun masu tsattsauran ra'ayi da ke faɗin dubban ɗaruruwa. Ƙirga na gaskiya yakan rage adadi a wasu lokuta, amma yana sa ya yi wuyar musantawa, kuma yana sa ya yi wuyar amfani da shi wajen hura wuta.

Abin da wannan hanya ba ta warware ba shi ne mamatan yunwa da cuta. Su ba a ƙirga su da suna, ana ƙiyasta su ne ta hanyar kwatanta yawan mace-macen lokacin yaƙi da na kafin yaƙi, shi ya sa wasu masu bincike suka ƙalubalanci adadin miliyan 5.4 na Kwango da cewa an ɗauki ma'aunin kafin yaƙin ƙasa da yadda yake. A arewa maso gabashin Nijeriya, rahoton Hukumar Raya Ƙasashe na 2021 ya ƙiyasta mutuwar mutum kimanin 350,000 zuwa ƙarshen 2020, waɗanda 314,000 daga cikinsu ba makami ne ya kashe su ba. Rikici ɗaya ne, kuma duniya tana kiransa ta'addanci, amma an san adadin 'yan matan Chibok 276 da ranar 14 ga Afrilun 2014, waɗancan dubban ɗaruruwan kuwa, galibinsu yara 'yan ƙasa da shekara biyar, suna cikin jadawalin rahoto ne kawai.

Alhaji Mamman ya ƙara da cewa:

Malama, aikin Srebrenica da kika ambata ƙasashen waje ne suka biya kuɗinsa, kuma a wani taron manyan ƙasashe bakwai ne aka kafa hukumar a 1996 bisa shawarar shugaban Amurka na lokacin, domin Bosniya tana cikin Turai kuma akwai kotun ƙasa da ƙasa a birnin Hague da ke buƙatar shaidar. Ruwanda ma tana tunawa da kisan ƙare dangin 1994 duk ranar 7 ga Afrilu ne domin waɗanda suka kawo ƙarshensa su ne ke mulki. Ina so wani ya kawo mana misalin ƙasar da gwamnatin da ake zargi tana kan kujera, babu kotun waje, babu kuɗin waje, amma duk da haka aka tattara sunayen fararen hular da yaƙinta ya kashe. Idan akwai, daga can ya kamata a koyi yadda ake yi.